Daga Tukunya Zuwa Rijiyar Siminti

Duk wanda ya je kasuwar Dogondutsi ko ta Tibiri ya ga wurin masu tukwane. Ga randa, ga tulu, ga kasko. Da ƙasa aka yi su. Amma ko sun shekara da ruwa a ciki, ba su narkewa. Me ya sa? Domin sun shiga wuta. Yumɓun da aka gasa ba ya sake komawa laka.

Kakanninmu sun san wannan sirri tun da daɗewa. Shi ne kuma sirrin siminti. Yau za mu ji tarihinsa, da yadda ya zo ƙasarmu.

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da nasu irin siminti. Sunansa laso. A marina ake samun kayan haɗa shi. Marina sukan kwaso katsi daga gindin rijiyar rini, su shanya shi, su ƙona. Sai a daka, a haɗa da gashin dabba da ruwan dafara. Da laso ake shafe rijiyoyin rini, kamar na Ƙofar Mata a Kano, don kada su yi yoyo. Masu hali kuma suna shafe rufin soro da shi saboda damina. Amma laso ba shi da yawa. Ba kowa ke samunsa ba.

Simintin da muka sani yau daga Ingila ya fito. A shekarar 1824 wani magini mai suna Joseph Aspdin ya sami takardar shaidar ƙirƙiro shi. Ya haɗa dutsen farar ƙasa da yumɓu, ya gasa, ya niƙa. Na bayansa suka ƙara zafin wutar, simintin ya ƙara ƙarfi.

Ga yadda ake yinsa yanzu. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da yumɓu, a niƙa. Sai a zuba garin cikin wani dogon murhun ƙarfe mai juyawa. Zafin murhun yakan kai digiri 1450. Ku tuna, a digiri 100 ruwa ke tafasa. Garin yakan fito a dunƙule, kamar ƴaƴan aduwa. In ya huce sai a ƙara masa kaɗan daga wani farin dutse mai taushi, wanda ke hana siminti saurin kamawa. A sake niƙawa, a ɗura a buhu. Buhu ɗaya kilo 50 ne. Buhu 20 ke yin tan ɗaya.

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960, ba a yin siminti a ƙasar. Daga waje ake kawo shi. Nijar ba ta da bakin teku, hanya kuma tana da nisa, saboda haka yana da tsada ƙwarai. Amma Allah ya ajiye mana dutsen a gida. Masana sun ce fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, teku ne ya rufe ƙasar Adar da ta Sakkwato. Ƙananan halittun ruwa suka mutu, ɓawonsu ya taru a ƙasa, ya zama dutsen farar ƙasa. Har yau akan tsinci alamarsu cikin dutsen.

Don haka aka gina ma'aikatar siminti a Malbaza, gabas da Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa. Ta fara aiki a 1966. Babbar hanyar da ta ratsa Dogondutsi ita ce ta bi ta Malbaza. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun gina tasu a Kalambaina, kusa da Sakkwato, ta fara aiki a 1967. Tsohuwar ma'aikatar Malbaza ƙarama ce, abin da take iya yi a shekara a wancan lokaci kamar tan 40,000 ne. A wajajen 2018 aka gama wata sabuwa a garin, mai iya yin tan 650,000. Wato buhu miliyan 13 ke nan.

To, wane amfani talakan Arewa ya samu? Babban amfanin shi ne rijiya. A cikin Dallol Mawri ruwa yana kusa, amma ƙasar rairayi ce. A kan tudu kuwa ruwa yana da zurfi. Da can da itace ake tokare cikin rijiya. Itace yakan ruɓe, rijiya ta rufta. Wani lokaci har da mai haƙa a ciki. A 1963 gwamnati ta kafa hukumar OFEDES don haƙa rijiyoyi a karkara. Ma'aikatanta suka riƙa ɗaure rijiya da siminti da ƙarfe, daga baki har ƙasa. Irin wannan rijiya ba ta ruftawa da sauƙi. Dakalin bakinta yana hana ƙazanta komawa ciki. A farin 1973 da na 1984 mutane sun ga darajar rijiya mai zurfi, su da dabbobinsu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe. Laka bushewa take yi ta yi ƙarfi. Siminti kuwa ruwa yake sha ya yi ƙarfi. In rana ta busar da shi da wuri, zai tsattsage. Saboda haka in kun buga bulo ko kun yi daɓe, ku riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake so. Ku haɗa shi da yashi mai tsabta, wanda ba laka a ciki. Buhun da ba a buɗe ba, a ɗora shi kan itace cikin ɗaki, nesa da laima. Buhun da ya sha raɓa ya zama dutse, kuɗi sun tafi a banza.

In garinku zai gyara rijiya ko ya gina aji, wanda ya karanta wannan ya bayyana wa sauran jama'a.