Ambaliyar Makka da Tarihin Masu Biyan Kuɗin Tare Ta

Idan aka ce wa mutumin Kano ko Maraɗi wai ambaliyar ruwa tana cikin manyan matsalolin Makka, zai ɗauka zolaya ce, don abin da ya sani game da garin shi ne zafin rana da baƙaƙen duwatsu. Amma mu da karatu ya zaunar da mu a Aziziyya mun san yadda abin yake. Sai a yi wata da watanni ba a ga ɗigon ruwa ba, rana ɗaya hadari ya haɗo, kafin awa guda titi ya zama kogi. Dalili kuwa a fili yake: garin a cikin kwari yake, duwatsun da suka kewaye shi ba sa shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansu gangarowa yake yi da gudu. Babban kwarin, wato Wadi Ibrahim, ya taso daga sama ta wajen Ma'abda da Ma'ala, ya bi ta gefen Harami ya sauka Misfala, kuma Ka'aba tana cikin wuri mafi gangare. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwana ɗalibai, shi ne wanda yake fitar da kuɗin aikin tare wannan ruwa, da kuma lokacin da yake fitarwa.

Maganar kuɗi ta shigo tun kafin Musulunci. Shekara biyar kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba bayan gobara da ambaliya sun raunana bangonta. Sun yi sharaɗin ba za su sa dukiyar haram a ginin ba, halal ɗin da suka tara kuwa ba ta isa ba, sai suka rage ginin ta ɓangaren Hijir Isma'il, suka kuma ɗaga ƙofar sama daga ƙasa. Wannan shi ne karo mafi shahara da mutanen garin suka yi karo-karo da aljihunsu. Daga baya kusan duk babban aiki daga wani birni mai nisa kuɗinsa ya zo.

A shekara ta 17 bayan Hijira aka yi ambaliyar da ake kira ta Ummu Nahshal, da sunan matar da ruwan ya ci. Ruwa ya shiga masallaci ya ɗauke Maƙamu Ibrahim ya kai shi ƙasan gari. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taso daga Madina ya mayar da Maƙamin wurinsa, ya kuma gina madatsa ta duwatsu a saman gari wajen Mudda'a don ta kare masallacin. Al'azraƙi ya kawo labarin a littafinsa na tarihin Makka, Akhbaru Makka. A shekara ta 80, zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wata ambaliyar da ake kira Juhaf ta afka wa alhazai ranar takwas ga Zulhajji, ta tafi da mutane da raƙuma da kayansu. Kuɗin gyara daga Dimashƙ aka aiko wa gwamnan Makka, aka yi wa gidajen bakin kwari katanga, aka tottoshe bakin lunguna.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na halifa Mahadi na Abbasiyawa. Da ya zo Hajji a shekara ta 164 sai ya ga Ka'aba ba ta tsakiyar masallaci, ya umarci a faɗaɗa ta kudu. Masana gini suka nuna masa cewa nan ne hanyar ruwa, kuma aikin zai ci dukiya mai yawa. Ya dage sai an yi, aka sayi gidaje aka rushe, aka matsar da hanyar ruwan baya. Bai ga ƙarshen aikin ba, a zamanin ɗansa Hadi aka gama. Masallaci ya yi kyau, ya yi faɗi, amma tun daga ranar wani yanki nasa yana zaune ne a kan tsohuwar hanyar ruwa, kuma duk wanda ya mulki Makka bayan haka ya gaji nauyin yashe sabuwar hanyar. Yashewa kuwa aiki ne da ba a rubuta sunan sarki a kansa, shi ya sa yake da saurin mantuwa.

Mafi muni ta zo a watan Sha'aban na 1039, daidai da 1630. Ruwa ya cika masallaci, mutane da yawa suka rasu, bangon Ka'aba ya rushe ta wasu ɓangarori. Sai da labari ya je Masar da Istanbul, Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya ba da umarni, aka turo magina da kayan aiki, aka gama a 1040. Ginin da muke ɗawafi a kewayensa yau asalinsa wannan ne. Ko a ƙarni na ashirin ruwan bai daina shiga ba. Wanda ya taɓa ganin hoton yaron nan ɗan Bahrain yana ɗawafi da iyo, to ambaliyar 1941 ce, an kuma sake yin wata babba a Janairun 1969. Kuɗin man fetur ne ya sa aka iya gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa, tun daga faɗaɗawar da aka fara a 1955, suna karkatar da ruwan daga Harami.

To ina hukumar gari a duk wannan? A Saudiyya ana kiranta Baladiyya, ta manyan birane kuma Amana. Ta Makka ita ce Amanatul Asimatil Muƙaddasa. Ita ke ba da izinin gini, ita ke kula da tituna da magudanai, amma gwamnati ce ke naɗa shugabanta, kuma mafi yawan kasafinta daga Riyad yake zuwa. A 2005 an yi zaɓen majalisun Baladiyya, aka zaɓi rabin kujeru aka naɗa rabi, sai dai ikonsu bai wuce shawara da sa ido ba. Harami da Mina suna da masu kula da su ko da Baladiyya ta yi sakaci, saboda idon duniya yana kansu. Garin da ya nuna abin da wannan tsari yake haifarwa inda babu wannan ido shi ne Jidda, ƙofar Makka.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta yi daidai da takwas ga Zulhajji, ranar da aka yi Juhaf ƙarnoni goma sha uku da rabi kafin nan, ruwan sama na 'yan awoyi ya sauka a Jidda. Fiye da mutum 120 suka rasu, dubban motoci suka lalace. Unguwannin da abin ya fi shafa, irin su Ƙuwaiza, a bakin kwari suke ta gabashin gari. An yanka filaye an sayar a kan hanyar ruwa, an ba da izinin gini, babban titin Haramaini ya tokare ruwan ba tare da isassun kwalbatoci ba. Ba a ce ƙasar ba ta da kuɗi ba. Sarki Abdullahi ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid Alfaisal, ya ba da diyyar riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci, daga baya aka gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila a kotu, aka ɗaure wasu. A Janairun 2011 ruwa ya sake dawowa, madatsar Ummul Khair ta fashe, mutum goma suka rasu. Abin lura a nan shi ne, da gwamnati ta tashi gina sababbin madatsu da manyan magudanai, ba ta damƙa aikin a hannun Amanar Jidda ba, kamfanin mai na Aramco aka ɗora wa sa ido a kansa. A ganina wannan hukunci ne a kan hukumar garin wanda ya fi na kotu zafi.

Aikin ya yi amfani, kada a zalunce shi. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 na ruwa a kudancin Jidda cikin kimanin awa shida, fiye da na 2009 nesa ba kusa ba, mutum biyu suka rasu. Amma tituna da hanyoyin ƙarƙashin gada sun cika, domin madatsa tana tare ruwan da ya taso daga duwatsu ne, wanda ya sauka a tsakiyar gari kuwa sai ƙananan magudanan unguwa, su kuma aikin Baladiyya ne na yau da kullum. Wata guda bayan haka ruwa ya kwashe motoci a titunan Makka kanta.

Ba na iya karanta wannan tarihi ban tuna gida ba. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da magudanan ruwa, amma kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, abin da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kansa a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye. Akwai kuma asusun kula da muhalli na tarayya tun 1981, wanda talaka ba ya jin sunansa sai bayan ɓarna. Kano ta ga ambaliyar Agustan 1988 lokacin da madatsar Bagauda ta fashe, Maiduguri ta ga ta Alau a 1994 ta sake gani a Satumban 2024. A cikin birnin Kano kududdufan da ake haƙa don ƙasar gini su ne suke shanye ruwan damina, yanzu an cike da yawansu an yi gidaje da shaguna. Kuma ruwan da ya bi Jakara yana ratsa ƙananan hukumomi da dama, kowace da shugabanta da kasafinta, filayen kuma gwamnatin jiha ce ke rabawa.

Bambancin shi ne Makka tana da Dimashƙ da Bagadaza da Istanbul da Riyad, waɗanda ba za su iya barin Ɗakin Allah cikin ruwa ba, ko da sai bayan ɓarna suke zuwa. Unguwar Kurna ko Gwammaja ba ta da halifan da zai aiko mata da magina. Daga cikinmu akwai masu karanta injiniyanci da tsara birane a nan da Masar da Malesiya, kuma zan so wani ya ɗauki wannan a matsayin binciken digirinsa: ya samo tsofaffin taswirorin Kano ya ƙirga kududdufan da ke cikin ganuwa a da, ya ƙirga waɗanda suka rage, ya kuma bi takardun da aka raba filayen da su ya ga wane ofishi ne ya sa hannu a kan kowanne.