Hausawan Sudan da Nazarin Harshensu a Jami'a

Tarihin zaman Hausawa a Sudan ya samo asali ne daga hanyar aikin hajji. Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata kan taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, su ratsa Borno da Wadai da Darfur, su yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago don samun guzuri. Wasu sun isa Makka, wasu kuwa suka yada zango, zangon ya zama gida.

Babbar ƙaura ta auku ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a wannan shekara. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, inda suka kafa garin da ke amsa sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara janyo mutanen yamma, ƙauyukansu suka yawaita a kewayen Wad Madani. Larabawan Sudan kan haɗa su duka, Hausawa da Fulani da Barebari, su kira su Fallata, sunan da ya daɗe yana ɓoye bambancin harsunan nan.

An jima kafin jami'o'i su waiwayi wannan al'umma. Jami'ar Khartum ta kafa Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya a 1972, kuma a nan Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi aikinsa. Littafinsa na 1999 ya bi diddigin yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Kafin nan Mark Duffield ya rubuta kan tattalin arzikin Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba kuma a 1995 ya nazarci mazauna ƙauyukan Jazira da ke ɗaukar kansu matafiya hajji ko da kakanninsu ma a Sudan aka haife su.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne yanayin aron. Kalmomi irin su littafi da alƙali sun shigo Hausar Kano ta hanyar addini da karatu, suka bi tsarin sautin Hausa har suka zama 'yan gida. A Jazira kuwa Larabcin kasuwa da makaranta da ofis ne ke shiga bakin yaro kullum, don haka aron ya fi yawa, ya kuma fi sauri.

Nazarin ya gamu da cikas. A 2022 rikici tsakanin Hausawa da maƙwabtansu kan ƙasa da sarauta ya hallaka ɗaruruwan mutane a jihar Shuɗin Nilu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da karatu a harabar Jami'ar Khartum, ya kai Wad Madani a Disamba, ya tarwatsa ɗimbin mazauna ƙauyukan da masu bincike suka saba zuwa ɗaukar magana.