Ƙarfi da Rauni a Ƙagaggen Labarin Shari'a: Littafin A Time to Kill da Tarihin Jihar Misisipi

Gabatarwa

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 marubutan Amurka suka mayar da zauren kotu fagen ƙagaggen labari, har abin ya zama wani reshe na adabi mai cin gashin kansa. Dalilin haka a fili yake, domin ita shari'a da tsarin labarinta take zuwa: ga ɓangarori biyu masu jayayya, ga ran mutum a kan siraɗi, ga kuma ranar da tilas a yanke hukunci. Wannan lacca za ta ɗauki littafi guda daga cikin wannan reshe, watau A Time to Kill na John Grisham, ta auna shi da tarihin jihar da ya fito. Abin da za a nuna shi ne, ƙarfin littafin da rauninsa daga tushe ɗaya suka tsiro, watau ikon da dokar Amurka ta danƙa wa juri.

Shi juri taron mutum 12 ne da ake zaɓowa daga mazauna gunduma, ba masana shari'a ba, su saurari shaidu, su keɓe a ɗaki, sa'an nan su faɗi ko wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. Alƙali yana bayyana musu doka ne kawai. Idan suka wanke mutum, ba a tambayarsu dalili, kuma ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi.

Marubucin da Labarinsa

An haifi Grisham a 1955 a Jihar Arkansas, ya sami digirin lauya a Jami'ar Misisipi a 1981, ya yi aikin lauya na kimanin shekara 10, ya kuma zauna a majalisar dokokin jihar. A 1984 ya ji wata yarinya mai shekara 12 tana ba da shaida a kotun gundumar DeSoto a kan fyaɗen da aka yi mata, ya shiga tunanin abin da zai faru da a ce mahaifinta ya ɗauki fansa da hannunsa. Shekara 3 ya yi yana rubutun. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi littafin, sai a 1989 wani ƙaramin kamfani mai suna Wynwood ya buga kwafi 5,000. Bai yi kasuwa ba sai bayan da littafinsa na biyu, The Firm, ya shahara a 1991.

Labarin ya faru ne a wani ƙagaggen gari, Clanton. Wasu fararen fata biyu suka yi wa Tonya, yarinya baƙar fata mai shekara 10, fyaɗe da dukan kawo wuƙa. Mahaifinta Carl Lee Hailey, tsohon sojan yaƙin Biyetnam, ya nemo bindiga, ya laɓe a cikin ginin kotu, ya harbe su har lahira, harsashi kuma ya sami wani ɗan sanda ya yi sanadin yanke ƙafarsa. Wani matashin lauya farar fata, Jake Brigance, ya tsaya masa da hujjar taɓin hankali, a gaban juri wanda babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsa. Daga ƙarshe aka wanke shi.

Tarihin da ke Bayan Labarin

Ba za a fahimci nauyin wannan hukunci ba sai an waiwayi abin da juri ya aikata a Misisipi kafin nan. Daga 1877 zuwa 1950 an kashe baƙaƙen fata fiye da 4,000 a jihohin kudu ta hanyar hukuncin 'yan iskan gari, Misisipi ce kan gaba, kuma sau da yawa zargin taɓa mace farar fata ake fakewa da shi. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro mai shekara 14 da ya zo hutu daga Chicago. Juri na fararen fata zalla ya wanke mutum biyun da aka tuhuma cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, bayan 'yan watanni kuwa suka amsa laifin a mujallar Look, don sun san doka ba za ta sake taɓa su ba. A 1963 aka harbe Medgar Evers, jagoran ƙungiyar NAACP a jihar. Sau biyu a 1964 juri ya kasa cimma matsaya a kan Byron De La Beckwith, ba a same shi da laifi ba sai a 1994, watau shekara 5 bayan fitowar wannan littafi.

Abin da Grisham ya yi shi ne ya kifar da wannan tarihi. Ya mai da wadda aka zalunta baƙar fata, mai ɗaukar fansa baƙar fata, sa'an nan ya tambaya ko ƙofar da makasan Till suka bi suka fita za ta buɗe wa Carl Lee.

Ƙarfin Littafin

Ƙarfi na farko shi ne sanin makamar aiki. Marubucin ya nuna cewa rabin shari'a ana gama ta tun kafin shaida na farko ya yi rantsuwa. Brigance ya nemi a mayar da shari'ar wata gunduma mai yawan baƙaƙen fata, alƙali ya ƙi. Ya bi sunayen waɗanda aka kira zaman juri ɗaya bayan ɗaya yana binciken halinsu, amma mai gabatar da ƙara ya yi amfani da damar da doka ta ba shi ta ƙin wasu ba tare da faɗin dalili ba. Wannan ba ƙage ba ne. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1965 a shari'ar Swain ya sa tabbatar da wariya a wannan mataki ya yi wuya ƙwarai, sai a 1986 shari'ar Batson ta sauƙaƙa shi. Ko bayan nan al'adar ba ta mutu ba: a 2019 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa a kan Curtis Flowers, wanda aka yi wa shari'a sau 6 a Misisipi, mai gabatar da ƙara guda ya kori 41 daga cikin baƙaƙen fata 42 da ya sami damar kora.

Na biyu, ba a wanke kowa tas ba. Mai gabatar da ƙara kujerar gwamna yake hange, Brigance na son kyamarar 'yan jarida, wasu shugabannin coci sun tara kuɗi da sunan iyalin Hailey da wata manufa a zuciya. Likitocin ƙwaƙwalwa na ɓangarorin biyu duk an kunyata su a gaban juri, mai karatu ya gane cewa shaidar masana ma tana bin aljihun da ya biya.

Na uku, an riƙe zullumin mai karatu ba tare da ɓoye masa mai laifi ba. Tun farko an san wanda ya yi harbi, abin da ake jira shi ne abin da mutum 12 za su yi da wannan sani.

Raunin Littafin

Babban rauni yana cikin hukuncin kansa. Ƙa'idar taɓin hankali da kotun ta bi, wadda ta samo asali daga shari'ar M'Naghten a Ingila a 1843, ta shafi wanda bai san abin da yake yi ba ne, ko bai san laifi ne ba. Carl Lee kuwa ya yi shiri, ya nemi makami, ya zaɓi maɓoya. Juri ya wanke shi ne don tausayi, ya sa wa tausayin rigar doka, alhali dubban mutane sun kewaye kotun suna jiran sakamako. Da wannan iko ne aka wanke makasan Till, kuma da hujjar kare mutuncin 'ya mace ne aka rataye mutane a bishiya shekara da shekaru. Littafin ya sa mai karatu ya yi murna da makamin don wannan karon yana hannun wanda ake so, bai tsaya ya auna wanda makamin ya fi sara a tarihi ba.

Rauni na biyu shi ne hanyar da tausayin ya biyo. Wata mace cikin juri ce ta sa abokan zamanta su rufe ido su ƙaddara cewa yarinyar farar fata ce, sa'an nan zukatansu suka karaya. Fim ɗin da aka yi a 1996 ya ɗauke wannan magana ya sa a bakin lauya. Ana iya karanta wurin a matsayin tonon silili ga juri, amma littafin ya gabatar da shi a matsayin nasara, ko da yake ma'anarsa ita ce ciwon Tonya bai isa ba sai an canza mata launi.

Na uku, Tonya da mahaifiyarta sun ɓace bayan babobin farko, labari ya koma kan lauya, da gidansa da 'yan Ku Klux Klan suka ƙone, da shaye-shayen abokansa. Irin wannan suka aka daɗe ana yi wa To Kill a Mockingbird na Harper Lee, na 1960, wanda shi ma lauya farar fata ne tauraronsa. Daɗin daɗawa, akwai raunin da ya game reshen baki ɗaya: fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifi a Amurka ta hanyar amsa laifi bisa yarjejeniya ake samunsa, ba a gaban juri ba. Wanda ya koyi shari'ar Amurka daga waɗannan littattafai ya koyi abin da ba safai yake faruwa ba.

Kammalawa

A taƙaice, A Time to Kill shaida ne mai amfani ga ɗalibin tarihi muddin zai karanta shi tare da shari'un Till da Evers da Flowers. Ya yi gaskiya wajen nuna cewa makomar baƙar fata a kotun Misisipi ta rataya ne ga waɗanda suka zauna a kujerun juri. Inda ya gaza shi ne wajen magani, domin ya bar adalci a hannun tausayin mutum 12, alhali tarihin jihar ya nuna wanda wannan tausayi ya saba tsallakewa. Curtis Flowers, wanda ba ƙagaggen mutum ba ne, ya shafe fiye da shekara 20 a kurkuku kafin a janye tuhumar da ake yi masa a 2020.