Littattafan jarumta na saurare

Littafin saurare littafi ne da wani ya karanta da murya, aka naɗa, ana jin sa a rediyo ko a salula. A ƙasar Konni, har ƙauyukan ƙaramar hukumar Bazaga, irin waɗannan labarai kan zo daga Najeriya, ta YouTube da WhatsApp, ko a katin memori da ake ɗurawa a kasuwa.

Labaran jarumta, masu aljannu da tsafi da ɓoyayyen asiri, sun daɗe a adabin Hausa. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu daga Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A Ruwan Bagaja (ba Bazaga ba, sunayen ne suka yi kama), Alhaji Imam ya bar gida neman wani ruwa mai warkar da cuta, yana ta karo da Malam Zurƙe, har tafiya ta kai shi ƙasar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, sannan littattafan yaƙi na marubutan Kano.

A Nijar amfanin sauraren ya fi yawa, domin akasarin makarantu da Faransanci suke koyarwa, mutane da yawa kuma suna jin Hausa sarai amma karatun ta na yi musu wuya. Sai dai sau da yawa ana karanta littafi ba da izinin marubucinsa ba, ko sisi ba ya samu.