Aikin kula da jin daɗin jama'a a Madarunfa: me ke jan matasa zuwa gare shi?

Ma'aikacin kula da jin daɗin jama'a, wanda aka fi sani da asistan sosiyal, shi ne mai tsayawa tsakanin mabuƙaci da hukuma. Shi ke binciken halin da iyali suke ciki, ya nema wa marar lafiyan da ba shi da hali sassauci a asibiti, ya bi sawun yaron da ya ɓata ko ya faɗa hannun shari'a, ya kuma shiga tsakani idan ana shirin cire yarinya daga makaranta. A Nijar, makarantun kiwon lafiya na ƙasa, wato ENSP ta Yamai da ta Damagaram, suna cikin masu horar da waɗannan ma'aikata.

Abin da ido ya gani

Dalili na farko shi ne halin da yankin yake ciki. Gundumar Madarunfa tana kudancin birnin Maradi, kan iyaka da jihar Katsina ta Najeriya, kuma ta ƙunshi Ɗan Isa, Gabi, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma. A matsalar abinci ta 2005, jihar Maradi na cikin wuraren da tamowa ta fi yi wa yara illa. Har yau kuma, kowace damina zazzaɓin cizon sauro yakan zo daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, shi ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a Madarunfa. Matashin da ya tashi a nan ya san magani kaɗai ba ya isa. Ko da yake tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, uwa na iya kasa kai ɗanta asibiti saboda kuɗin mota, ko don ba ta da wanda za ta bar wa sauran yara. Warware irin wannan ƙulli aikin asistan sosiyal ne.

Tun 2019 wani nauyin ya ƙaru. Dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina sun tsallako jihar Maradi suna gudun ƴan bindiga. Cikinsu akwai matan da aka kashe wa maza da yaran da suka rabu da iyaye, kuma duk suna buƙatar mai saurare da harshensu.

Addini da zumunci

Dalili na biyu ya samo asali daga tarbiyya. Riƙon maraya, zakka, gayya da gudummawar biki ko rasuwa sun riga kowace makaranta zuwa. Da yawa suna kallon aikin a matsayin neman lada da aka haɗa da neman abinci. Abin da horo ke ƙarawa shi ne tsari: riƙe sirrin mutane, rubuta bayanin kowace matsala, sanin doka, da taimako ba tare da duba dangi ko jam'iyya ba.

Ƙofar da mata ke buɗewa

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma Maradi na sahun gaba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata, amma doka ba ta shiga gida da ƙafarta. Mace ma'aikaciya na iya sallama ta wuce zaure zuwa cikin gida, inda namiji baƙo ba ya kaiwa. Wannan na jan ƴan mata masu ilimi zuwa fannin, musamman a jihar da tsarin asusu na Mata Masu Dubara ya fara a 1991.

Neman abin yi

Akwai kuma lissafin aljihu, kuma ba abin kunya ba ne. Asibitoci, kotunan yara, ofisoshin kare yara da ƙungiyoyin agaji duk suna ɗaukar masu wannan takarda. Shirin tallafi da aka soma a 2011 da taimakon Bankin Duniya, wanda ya riƙa bai wa gidaje marasa galihu jika goma a wata, shi ma ya buƙaci masu shiga ƙauyuka.

Abin lura kafin zaɓi

Yawancin ayyukan ƙungiyoyi na kwangila ne, suna ƙarewa da ƙarewar kuɗin shiri, guraben gwamnati kuma kaɗan ne. Wasu ƙauyukan bakin iyaka suna da hatsarin shiga. Sannan ma'aikaci yakan yi shekaru yana sauraron baƙin cikin mutane, wani lokaci ba shi da abin bayarwa sai shawara. Wanda albashin ƙungiya kaɗai ya jawo shi yakan gaji da wuri. Waɗanda ke daɗewa su ne masu haƙurin zama da mai gari, liman da iyaye, sau biyu ko sau uku, har a bar yarinya ɗaya ta koma aji.