Tsutsar da ke Tafiya Ƙarƙashin Fata: Daga Alƙahira zuwa Khartum

Akwai wata cuta da kan bayyana a tafin ƙafar yaro, ko a ɗuwawu da cikin jariri mai rarrafe: jan layi siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun maciji a yashi, mai tsananin ƙaiƙayi, wanda kullum yake ƙara matsawa gaba. Musabbabinta ɗan tsutsa ne daga dangin tsutsa mai ƙugiya. Gano hakan ya ɗauki likitoci kimanin shekara 50, kuma kwarin Nilu na da babban rabo a wannan tarihi.

A shekarar 1874 likita Robert Lee ya siffanta cutar a Landan, amma bai san sanadinta ba. Ita kuwa tsutsa mai ƙugiya, tun 1838 Angelo Dubini ya gan ta a hanjin mutum a Milan ta Italiya, daga baya Theodor Griesinger ya danganta ta da ƙarancin jinin da ya addabi manoman Masar. Sai dai kowa ya ɗauka ta baki kaɗai take shiga jiki.

Wanda ya rushe wannan zato shi ne Arthur Looss, Bajamushe mai koyarwa a makarantar likitanci ta Alƙahira. Ruwa mai ɗauke da 'ya'yan tsutsar ya zubo masa a hannu, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, bayan wani lokaci ya tarar da ƙwayayenta a bayan gidansa. A 1898 ya bayyana cewa tsutsar na huda lafiyayyar fata.

A wannan shekara ce rundunar Kitchener ta ci Umdurman. Turawa suka sake gina Khartum, aka buɗe Kwalejin Gordon a 1902, attajirin magunguna Henry Wellcome ya ba da kayan ɗakin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a cikinta. Andrew Balfour ne ya fara shugabantarsa, kuma shi ne jami'in lafiyar birnin, mai kula da tsaftar unguwanni da yaƙi da sauro. A 1907 aka samar da ɗakin bincike a kan jirgin ruwa, wanda ya riƙa bin Farin Nilu zuwa kudu. Wannan tafiya na da ma'ana ga mai nazarin tsutsa, domin ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa sai a ƙasa mai danshi da ɗumi da inuwa. Shi ya sa ta fi yawa a kudu mai ruwan sama, ta yi ƙaranci a busasshiyar Khartum, in ban da bakin kogi da lambuna da dandagaryar da ruwa ke kwanciya.

Duk da haka, a zamanin Balfour da magajinsa Albert Chalmers, wanda ya karɓi aiki a 1913, littattafan likitanci na ɗora alhakin wannan jan layi galibi a kan tsutsar ƙuda. Sai a 1926, shekara 2 bayan buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum, Kirby-Smith da abokan aikinsa suka gano ɗan tsutsar a fatar marasa lafiya a Florida ta Amurka. Ba da jimawa ba aka tabbatar cewa ta karnuka da kyanwoyi ce.

Da haka aka rarrabe cuta biyu. Tsutsar mutum kan ratsa fata ta bi jini zuwa huhu, ta sauka hanji tana shan jini, har yaro ya ɗashe ya kasa girma. Ta kare kuwa ba ta iya wuce saman fatar mutum, sai ta yi ta yawo har ta mutu cikin makonni ko watanni. Haɗarinta shi ne susa, wadda kan buɗe ƙofa ga gyambo. A yau likitoci na kashe ta da albendazole ko ivermectin, gwargwadon shekarun yaro da nauyinsa.

Rigakafin da wannan tarihi ya haifar bai fi ƙarfin kowane gida ba: masai, takalmi, tabarma ƙarƙashin jariri, da hana kare yin kashi inda yara ke wasa. Waɗannan ne kuwa abubuwan da iyalai kan fara rasawa idan suka bar gidajensu, kamar yadda ya faru ga mazauna Khartum da Umdurman tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023.