Burodi da Ƙwai a New Bell: Tarihin Abincin Baƙi

Duk wanda ya san unguwannin Hausawa na Duwala, babban birnin kasuwancin Kamaru, ya san teburin mai shayi. Wani ana idar da sallar asuba yake hura wuta, wani kuma sai bayan magariba yake fitowa ya kai tsakar dare. Kayan aikinsa ba su da yawa: buta, kasko, kiret ɗin ƙwai, gwangwanin madara, da dogayen sandunan burodi a tsaye cikin buhu. Idan ka ce a soya maka biyu, sai ya fasa su cikin kofi, ya yanka albasa da tumatir da attaruhu, ya marmasa dunƙulen Maggi, ya kaɗa, ya juye cikin mai. A Duwala sau da yawa akan zuba dafaffiyar taliya a cikin ƙwan kafin a soya, don ya yi auki ya riƙe ciki. Daga nan sai ya tsaga burodi ya cusa wainar a ciki, ya danna shi a kasko ya sha mai, ya miƙo maka a takarda.

Daga Legas har Yawunde mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin abincin Hausawa. Amma idan aka bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, za a tarar kusan duk baƙi ne, kamar dai masu cin su. Tarihin yadda suka haɗu a kasko ɗaya yana tafiya tare da tarihin unguwar New Bell kanta.

Unguwar da aka yanka da ƙarfi

A watan Yulin 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. A lokacin fataken Hausawa sun daɗe suna kai da kawowa a Adamawa, tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809. Sun san Gaundare da Tibati da Banyo, suna sayen hauren giwa da goro, suna sayar da tufafi da kayan fata. Abin da bai samu gare su ba shi ne bakin teku, domin kabilun kurmi da na gaɓa kowa ya tsare rabonsa na hanya. Sai da Jamusawa suka ci Tibati a 1899, Garwa a 1901, Marwa a 1902, sannan hanya ta buɗe sosai daga arewa har kogin Wuri, fatake suka gangaro.

A 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta tsara korar mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogi, don a mayar da wurin unguwar Turawa zalla. Aka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakani, da sunan kariya daga zazzaɓin sauro, aka yanka sabuwar unguwa a bayansa aka kira ta New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka cewa wannan ya saɓa yarjejeniyar 1884. Jamusawa suka tuhume shi da cin amanar ƙasa, suka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agustan 1914. Ba a cika wata biyu ba sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin, a 1916 kuma Faransa ta riƙe mulkinsa.

Yawancin mutanen Bell ba su yarda sun zauna inda aka tura su ba. Da haka New Bell ta zama masaukin duk wanda ya zo daga wani wuri: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, Yarabawa, da mutanen Togo, Dahome da Senegal. Kowane rukuni ya kama gefensa da shugabansa. Hausawa suka kafa irin zangon da suka saba kafawa a Kumasi ko Sabon Ibadan: masallaci, Sarkin Hausawa, mahauta, da maigida mai saukar da baƙo ya tsaya masa a ciniki. Har yau a bakin samarin kudancin Kamaru kalmar "maguida" na nufin Musulmin arewa, ko Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare.

Cikin gwauro

Wanda ya fara zuwa ci-rani ba ya zuwa da iyali. Tashar jiragen ruwa na neman 'yan dako, layin dogon da ya isa Yawunde a 1927 na neman lebura, kantunan Turawa na neman masu gadi, mayanka na neman dillalan shanu. Da jirgin ƙasa ya kai Gaundare a 1974, tafiyar da a da ake yin makonni ta koma ta kwana ɗaya, samarin arewa suka ƙaru. Sannan ga direbobin manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar Duwala zuwa Cadi da Afirka ta Tsakiya, waɗanda kan yi kwanaki suna jiran lodi.

Duk waɗannan mutane suna da matsala guda: me za a ci? Tuwo na bukatar turmi, murhu, lokaci, da mace a gida, alhali gwauro na kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar. Abincin gari kuwa, irin su ndole da miyondo, baƙo ne a harshensa, kuma akwai abin da ya fi ɗanɗano damunsa. A garin da ake sayar da naman alade da naman daji a fili, Musulmi kan so ya san wa ya yanka, kuma a wace tukunya aka dafa. Ƙwai ba ya bukatar yanka. A gabanka ake fasa shi, a gabanka ake soyawa, kuma mai soyawar tare kuka yi sallah. Wannan amanar ita ce babban jarin mai shayi, kamar yadda ta kasance jarin mai tsire, wanda a Kamaru ake kira soya.

Teburin kuma ya ɗauki wani ɓangare na aikin maigida. A nan sabon zuwa kan tambayi inda 'yan garinsu suke, a nan ake barin saƙo da ajiya, a nan ake cin bashi har ƙarshen wata. A nan ne aka riƙa taruwa a gindin rediyo tun bayan da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Ba Hausawa kaɗai ke sana'ar a Duwala ba, domin akwai ƙananan kafeteriya na mutanen Gini da Mali da na 'yan ƙasa. Sai dai a unguwannin Musulmi, teburin shayi majalisa ce kafin ya zama wurin cin abinci.

Asalin kayan haɗi

Bahaushe ya san alkama tun kafin Bature. Ana noma ta da rani a fadamun Kano da bakin tafkin Cadi, ana yin gurasa, alkaki, funkaso da taliyar hannu. Amma abincin sarakuna da attajirai ce da ranakun biki. Burodin gidan gashi, mai arha da ake saye kullum, mulkin mallaka ne ya kawo shi, kuma kowane Bature da irin nasa. Ingilishi ya bar burodin gwangwani mai laushi, Bafaranshe ya bar doguwar sanda mai ɓawo. Shi ya sa mai shayin Kano da na Maraɗi ko Duwala suke kaɗa ƙwai iri ɗaya, amma da ganin burodin ka san wanda ya mallaki ƙasar.

Ƙwai ma ba abincin kullum ba ne a da. Kaza ana barin ta ta ƙyanƙyashe, domin ita ce asusun mace da abin yanka wa baƙo. Ƙwan zabi ake dafawa da damina a kai kasuwa, yara kuma a tsorata su da cewa mai cin ƙwai ɓarawo zai zama. Kajin gidan gona ne suka mayar da ƙwai abin saye a kiret, kuma a Kamaru yankin Bafusam ne cibiyar wannan kiwo. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a Yawunde a watan Mayun 2016 ta kuma kai yamma, har kaskon New Bell sai da ya ji a jikinsa.

Shayi ya iso mana ta hanya biyu: koren ganye ta Sahara a hannun Larabawa da Abzinawa, baƙin ganye da madara ta hannun Ingilishi. Kamaru na noma nata a Tole kusa da Buya, da kuma Ndu. Dunƙulen Maggi daga Suwizalan ya samo asali, ya zo ya raba gado da daddawa. Tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suke, jiragen Turawan Fotugal da Sifen suka yaɗa su, kuma 'yan Fotugal ɗin ne suka isa kogin Wuri wajen 1472 suka raɗa masa sunan jatan lande, inda sunan Kamaru ya fito. Cikin kayan duka, albasa ce tsohuwar 'yar gida, kuma har yau daga Garwa da Marwa ake lodinta zuwa kudu.

A cikin gida mata sun ƙara nasu. Sandar burodi ba ta kwana, da gari ya waye ta bushe. Maimakon a zubar, sai a yanka ta, a tsoma cikin kaɗaɗɗen ƙwai, a soya. Faransawa da sukari suke yin nasu, a unguwannin Hausawa kuwa gishiri da albasa da yaji sun fi karɓuwa. Mai hali kan shafa cukun kanti na La Vache qui rit a tsakiya, duk da cewa cukun Abzinawa ya riga shi shiga kasuwannin ƙasar Hausa da daɗewa.

Ba mu kaɗai ba

Irin wannan ta faru a Koriya ta Kudu. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, garin alkama na agajin Amurka ya cika ƙasar masu cin shinkafa, cukun gwangwani da na leda kuma suka fito daga barikokin sojan Amurka. Daga nan aka samu burodi da ƙwai da kabeji da ake soyawa a bakin titi don ma'aikata da 'yan makaranta. A gida kuma sukan haɗa burodi da cuku da kimci, wato kabejin da aka jiƙa da gishiri da barkono da tafarnuwa aka bar shi ya yi tsami, kamar yadda muke barin kalwa ta ruɓa ta zama daddawa. Barkonon da ke cikin kimci da wanda ke cikin yajinmu tushensu ɗaya. Mutanen Koriya ba su ƙi baƙon burodi ba, sun dai sa masa abin da harshensu ya sani. Abin da mai shayi ya yi ke nan.

Bambancin yana wajen biya. Koriya na sayar wa duniya motoci da wayoyi ta sayi alkama. Mu fa?

Tarkon alkama

A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka fitar da littafi kan burodi a Najeriya, suka kira lamarin tarkon alkama: birni ya saba da abincin da ƙasarsa ba ta iya nomawa da yawa, ya kasa komawa baya. Najeriya ta hana shigo da alkama a 1987, ta janye hanin bayan 'yan shekaru. Kamaru ta kafa kamfanin Sodeble a 1975 don noman alkama a Wasande kusa da Gaundare, shi ma bai yi tsawon rai ba. Har yau mafi yawan alkamar da ake ci a ƙasar ta tashar Duwala take shigowa, injinan niƙa na garin su mayar da ita fulawa.

Saboda haka farashin karin kumallon ɗan dako ba a New Bell ake yanke shi ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa ta jirgi ya tashi. A ƙarshen Fabrairun 2008 yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama boren tsadar rayuwa, kuma Duwala ce ta fi ƙonewa. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka ce sun haura 100. Cikin Maris aka dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci, har da alkama. A Maris na 2022 kuma, makonni kaɗan da fara yaƙin Rasha da Yukiren, aka ɗaga farashin sandar burodi mai giram 200 daga sefa 125 zuwa 150.

Sefa 25 ba komai ba ce ga mai albashi babba. Ga mai shayi kuwa lissafi ne mai ɗaci, domin masu cin abincinsa ba su da inda za su ƙaro. In ya ƙara kuɗi, teburi ya watse. In bai ƙara ba, uwar kuɗi ta narke. Mafita ita ce a rage tsawon yankan burodi, a ƙara taliya, wadda ita ma alkama ce, a kuma tsawaita littafin bashi. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ana ta maganar gauraya fulawa da garin rogo ko na dankali, wasu gidajen burodi a Kamaru ma sun gwada. Mu da muka fito daga ƙasar gero da dawa da wake muna da abin cewa a nan, domin ƙosai, waina da kunu sun ciyar da fatake tun kafin jirgin alkama na farko ya tsaya a Wuri, kuma har yanzu ana sayar da su a unguwannin. Babu mai cewa a bar burodi da ƙwai. Ya zama namu ta hanyar da New Bell ta zama gida ga jikokin fataken da suka sauka cikinta: an zo baƙunta, an yi aiki, an riƙe amana, an hayayyafa. Sai dai yana da kyau mai ci ya san cewa burodin da ke hannunsa yana jiran jirgin ruwa, ko da yake albasa da ƙwai da gwanintar mai kaskon ba su jiran sa.